Ko Ka Sani? Balbelar Bayan Shanu Ta Haye Tekun Atlantika

A wasu ƙasashen bakin teku, 'yan yawon buɗe ido kan biya kuɗi a zagaya da su gona da safe, da yamma a kai su gaɓa kallon tsuntsaye. Manomin Gusau, Tsafe ko Bunguɗu ba shi da teku, amma kullum yana tare da tsuntsuwar da ta san gona ta kuma san teku, wato balbela.

Me take nema a bayan shanu? Da yawa sun ɗauka kaska take cire musu, alhali wannan sana'ar carki ce. Balbela takan tsinci kaska jefi-jefi, amma abin da ya kawo ta shi ne ƙwarin da ke ɓoye cikin ciyawa. Duk takun da saniya ta yi sai fara ko gyare ko kwaɗo ya zabura, ita kuwa ta cafe. Shi ya sa za ka gan ta a bayan garmar shanu lokacin huɗa, ko tarakta, har ma a gefen wutar daji. Tana rage wa manomi fara ba tare da ya sayi magani ba.

Danginta, irin su zalɓe, a bakin ruwa suke neman abinci. Ita ta fi son tudu. Da damina takan yi sheƙa cikin taro a kan bishiya ɗaya, gashin kanta da ƙirjinta su yi jaja-jaja, mace da namiji su riƙa karɓa-karɓa wajen kwanci na kwana 23 ko kusa da haka.

Abin mamaki shi ne tafiyarta. Asalinta Afirka ne da kudancin Turai da Asiya. A 1877 aka hango ta a yankin Suriname da Guyana, a Kudancin Amurka, ba wanda ya kai ta. Masana na ganin iska ce ta taimaka mata ta ƙetare ruwa mai faɗin kusan kilomita 3,000 daga Afirka ta Yamma. Can ta tarar ana sare daji ana kiwon shanu, abin nema ya samu. A 1953 ta yi sheƙa a Florida, a 1962 a Kanada, a 2008 kuma a Ingila. Duk inda kiwo ya bunƙasa, tana biye.

Sai dai ba ko'ina zuwanta ya zama alheri ba. A 1959 mutane suka kai ta tsibiran Hawaii don ta rage ƙudajen da ke damun shanu. Ta yaɗu, ta kuma shiga cin 'ya'yan tsuntsayen ruwa na wurin, har yau hukumomi na fama da rage yawanta.