Fayil ɗin ISO na Bikinku Ya Ƙi Buɗewa? Kada Ka Goge Shi Tukuna

A gidaje da dama a Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, bidiyon biki ko na suna yana kan faifan DVD guda ɗaya tal. Kafin zafi da ƙura su lalata faifan, akan kai shi wajen masu turi su kwafe shi ya zama fayil ɗin ISO. Sai ka sa shi a waya ya ƙi buɗewa. Sau da yawa bidiyon lafiyarsa lau, tsarin ajiyarsa ne ya samu matsala.

ISO kwafin faifan ne sukutum. A cikinsa akwai folda mai suna VIDEO_TS, ɗauke da fayil iri uku: VOB shi ne bidiyon kansa, IFO shi ne jagoran da ke nuna inda kowane sashe yake, BUP kuma kwafin IFO ne na ko-ta-kwana.

1. Fara gwada VLC. Manhajar kallo da ke zuwa da waya ba kasafai take gane ISO ba, amma VLC tana buɗe shi, kuma kyauta ce.

2. Duba girman fayil ɗin. Faifan DVD na ɗaukar har 4.7GB, alhali memori mai 32GB zuwa ƙasa yawanci tsarin FAT32 gare shi, wanda ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai 4GB. Idan na wayarka bai kai na kwamfutar mai turi girma ba, turin ya yanke a hanya. A sake turawa kan memori mai tsarin exFAT. Ka sani, sauya wa memori tsari yana goge duk abin da ke kai, don haka ka kwashe kayanka tukuna.

3. Fito da foldar. A kwamfuta, buɗe ISO ɗin da 7-Zip ka ciro VIDEO_TS. Babu VOB da ke wuce 1GB, saboda haka za su zauna ko a kan FAT32 ne.

4. Gyara jagoran. Idan VOB na yi amma faifan gaba ɗaya ba ya tashi, wataƙila IFO ne ya lalace. Kwafi BUP mai suna iri ɗaya, ka sauya ƙarshensa zuwa IFO, ka maye gurbin lalataccen.

5. Sake haɗa ISO ɗin. Na'urar DVD tana neman tsarin UDF 1.02 da sunaye da manyan baƙaƙe. A ImgBurn, zaɓi ISO9660 haɗe da UDF 1.02, ka sa foldar VIDEO_TS.

Idan a waya kawai za ka riƙa kallo, juya shi zuwa MP4 da HandBrake don ya rage cin wuri. Amma ka adana ISO ɗin a wuri biyu, kuma kada ka yar da faifan sai ka kalli kwafin daga farko har ƙarshe.