Wai Me Makaho Zai Yi da Babbar Waya?

Na gaji da jin wannan tambayar. Kwanan baya a Dingyadi, a rumfar mai cajin waya, wani matashi makaho ya zo karɓar wayarsa, sai wani dattijo ya ce masa, "Yaro, da ka sayar ka sayi 'yar rakani-kashi, ai wannan ɓarnar kuɗi ce." Bai tanka ba. Ya kara wayar a kunne, yana shafa fuskarta da yatsa, wata murya tana zuba da saurin da ni ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Kafin dattijon ya gama dariya, har matashin ya tura wa mai cajin kuɗinsa ta banki.

Muryar nan manhaja ce mai karanto abin da ke rubuce a fuskar na'ura. A wayoyin Android sunanta TalkBack, a iPhone kuwa VoiceOver. To, masu cewa makaho sai sanda da ƙoƙon bara, ko kun san NVDA, wadda makafi a faɗin duniya ke aiki da ita a kwamfuta kyauta, makaho ne ya ƙirƙiro ta? Michael Curran, ɗan Ostireliya, shi ya faro ta a 2006, abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya kama masa. Suka bar tushenta a buɗe, kowa na iya gyarawa, 'yan sa-kai suka yi ta fassara ta zuwa harsuna da dama. Nan kusa da mu ma, a cikin Sakkwato, makarantar A.A. Raji ta daɗe tana karantar da makafi. Don Allah wa ya ce ido ne hankali?

Inda gizo ke saƙar, a wurinmu ne masu gani. Samarinmu, Allah Ya saka musu, sukan haɗa manhajar lokutan salla ko ta azkar su raba fisabilillahi. Amma sai a sa hoton lasifika ko na kibiya ba tare da an raɗa masa suna a cikin rubutun manhajar ba. Matashin nan ya nuna mini wata: duk inda ya taɓa, muryar "maɓalli" kawai take cewa, har sau shida. Wanne ne na kunnawa, wanne ne na gogewa? Oho. Na san ba mai biyan samarin nan, shi ya sa ban cika zafi ba. Rashin murya mai iya Hausa sosai ma wani ciwon ne, don ta Turanci kan dagula ƙ da ɗ.

Gyaran bai kai wahalar da ake zato ba. Mai haɗa manhaja, raɗa wa kowane maɓalli suna. Kafin ka saki aikinka, kunna TalkBack, ka kife wayar ko ka rufe ido, ka gwada minti goma. Wanda ya fi, nemi makaho ya gwada maka, ka biya shi ko da kuɗin data ne. Mai murya garau, shiga Common Voice na Mozilla, akwai sashen Hausa, ka karanta jimloli. Mu kuma 'yan zauren WhatsApp, mu daina tura katin ɗaurin aure ko sanarwar rasuwa a hoto zalla. A rubuta rana da wuri a ƙasansa. Matashin nan ya ce mini jana'izar maƙwabcinsa ta wuce shi saboda haka, sai da yamma ya ji a bakin yara.