RIGAR RUWA DA IGIYAR KASHE INJI: RIGAKAFIN MUTUMIN TUDU A BISA RUWA

1.0 Gabatarwa

Ƙasar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙasa ce ta tudu da jigawa. Babu wani babban kogi mai gudana rani da damina da ya ratsa ta. Ruwan da yaron Lautai ya sani shi ne na rijiya da na kududdufi, sai kuwa tapkin da kan cika da damina ya ƙafe kafin bazara. Saboda haka mai karatu yana iya tambaya, ina ruwan mutumin Gumel da maganar jirgin ruwa?

Amsar ita ce, neman abinci da zumunci ba su barin mutum a garinsu. Falke da ɗan cirani da almajiri da 'yar rakiyar amarya, kowannensu wata rana yakan iske kansa a bakin mashigi. Kogin Haɗejiya yana nan kudu da masarautar, ta wajen Ringim da Taura da Auyo, kuma idan ya cika ya batse, kamar yadda ya yi a ambaliyar 2022, sai ya yanke hanyoyi, mota ta tsaya, a koma ga fito. A irin wannan rana, mutumin tudu, wanda bai tashi da iyo ba, shi ne ya fi kowa zama cikin haɗari. Wannan maƙala za ta yi bayanin abubuwa biyu da aka ƙirƙiro domin tsare rai a bisa ruwa, watau rigar ruwa da igiyar kashe inji, da yadda suke aiki, da dalilin da ya sa ba su da amfani sai an ɗaura su a jiki tun kafin jirgi ya bar gaɓa.

2.0 Girman Matsalar

A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a Kogin Kwara kusa da Warra, cikin ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce 20 da 'yan kai ba. A ranar 30 ga Nuwamba na shekarar, wani jirgin ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, bayan ya taso daga Badau. Aƙalla mutum 29 suka rasu, galibinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Maulidi. A watan Afrilu na 2022 kuma, an yi asarar rayuka 29 a ruwan Shagari na Jihar Sakkwato.

Idan aka dubi waɗannan haɗurra da ire-irensu, za a ga dalilansu ba su cika wuce huɗu ba: lodi fiye da kima, da tsufan jirgi, da tafiyar dare, da karo da kututture ko igiyar ruwa. Amma waɗannan su ne ke kifar da jirgi. Abin da ke mai da kifewa mutuwa daban ne, watau faɗawar mutum cikin ruwa ba tare da abin da zai riƙe shi a sama ba. Ƙididdigar da dogarawan tsaron gaɓar teku na Amurka kan fitar kowace shekara ta daɗe tana nuna cewa kimanin kashi 75 cikin 100 na masu mutuwa a haɗarin ƙananan jirage nutsewa suke yi, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka nutse ba su sanye da rigar ruwa.

3.0 Daga Gora Zuwa Rigar Ruwa

Dabarar dogara ga abu mai yawo a bisa ruwa ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Masunta da 'yan fito sun daɗe suna hawa gora su ƙetare kogi, kuma har yanzu ana ganin haka a bikin kamun kifi na Argungu. Sai dai gora riƙe shi ake yi. Idan hannu ya gaji, ko mutum ya suma, sun rabu ke nan. Fifikon rigar ruwa shi ne, ita ke riƙe mutum, ba shi ke riƙe ta ba.

A Ingila, a 1854, aka ɗinka wa masu aikin ceto a teku riga da ɓawon wani itace marar nauyi. Daga baya aka koma cusa audugar rimi, irin wadda ake cika matashin kai da ita a ƙasar Hausa, domin zarenta yana da rami a ciki kuma ba ya saurin shan ruwa. An yi amfani da irin wannan riga har cikin Yaƙin Duniya na Biyu. Yawancin rigunan yanzu da wani soso na roba ake cika su, wanda ruwa ba ya ratsawa.

Hikimar rigar mai sauƙi ce. Ruwa da kansa yana ɗauke mafi yawan nauyin jikin mutum, abin da ya rage 'yan kilo ne kawai, waɗanda suke hana baki da hanci tsayawa a sama. Wannan ragowa ita riga take ɗauka. A jikin riguna masu inganci akan rubuta lamba 50 ko 100 ko 150 ko 275. Mai lamba 100 tana ɗaga nauyin kimanin kilo 10 a cikin ruwa, mai 150 kuwa kimanin kilo 15, kuma an tsara ta domin ta juyo da mutum rigingine, fuskarsa ta kalli sama, ko da ya suma. Mai lamba 50 taimako ce kawai ga wanda ya iya iyo kusa da gaɓa, ba ta dace da mutumin tudu ba.

Akwai ƙa'idojin sa ta. Na farko, a sa ta a kan tufafi, a ɗaure dukkan maɗauranta tamau. Idan aka kama kafaɗunta aka ja sama ta haura kunne, to ta yi yawa, kuma a cikin ruwa za ta sulluɓe. Na biyu, rigar babba ba ta yi wa yaro. Yaro yana bukatar tasa, mai maɗauri ta tsakanin ƙafafu. Na uku, mace mai goyo ta sauke shi kafin shiga jirgi, domin idan riga ta juyo da ita rigingine, ɗan da ke bayanta shi zai koma ƙarƙashin ruwa. Na huɗu, babbar riga da mayafi da dogon hijabi suna ɗaure hannu da ƙafa idan sun jiƙe, saboda haka a tattara su, a matse su ƙarƙashin rigar ruwan. Na ƙarshe, rigar da aka mayar matashin zama soson cikinta yakan lotse, ƙarfinta ya ragu.

4.0 Igiyar Kashe Inji

Kwalekwalen da ake tuƙawa da filafili ko gwangwala yakan lafa da zarar matuƙi ya saki. Jirgi mai inji ba haka yake ba. Idan igiyar ruwa ko kututture ya wurgar da matuƙi, inji ba ya sanin an rabu, sai ya ci gaba da gudu. Bugu da ƙari, juyawar farfela takan karkatar da hannun injin gefe guda, jirgi ya shiga zagaye a wuri ɗaya, yana komowa kan wanda ya faɗa. Fasinjojin da suka rage a ciki kuwa, da wuya a sami wanda ya san inda ake kashe shi.

Domin maganin wannan aka yi igiyar kashe inji. Wata 'yar igiya ce mai lanƙwasa, yawanci ja, wadda kan zo tare da injunan da ake maƙalawa a bayan jirgi, irin su Yamaha. A bakinta ɗaya akwai 'yar roba mai baki biyu da ake cusawa ƙarƙashin maɓallin kashewa, ta tokare shi. Ɗaya bakin kuwa matuƙi ke ɗaurawa a wuyan hannunsa ko cinyarsa ko jikin rigar ruwansa. Da ya gusa daga mazauninsa, igiya ta fizge robar, maɓalli ya koma ciki, wuta ta daina zuwa filogi, inji ya mutu nan take.

A watan Mayu na 2013, a Fadisto da ke kudu maso yammacin Ingila, wani jirgi mai gudu ya zubar da iyali guda cikin ruwa, ya yi ta zagaye a kansu, mutum biyu suka rasu. Bincike ya nuna igiyar tana nan, amma ba a ɗaura ta a jiki ba. A Amurka kuwa, tun daga 1 ga Afrilu, 2021, doka ta wajabta ɗaura ta ga matuƙan yawancin jiragen da tsawonsu bai kai ƙafa 26 ba, muddin suna gudu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a naɗe igiyar a hannun injin, ko idan ta ɓace a tokare maɓallin da tsinke ko waya. Wanda ya yi haka ya ɗaure tsaron ne, bai ɗaure kansa ba. Ya kamata matuƙi ya gwada ta kowace safiya, watau ya ta da inji ya fizge ta ya ga ko zai mutu. Kada a ƙara mata tsawo, a sauya ta idan rana ta busar da ita, a kuma ajiye wata a cikin jirgi domin yaron jirgi ya iya ta da inji ya koma ceton maigidansa.

5.0 Doka da Al'ada

Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, watau NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lakwaja, ta wajabta sa rigar ruwa, ta kuma hana lodi fiye da kima da tafiyar dare. Amma jami'i ba ya isa kowane mashigi. A nan sarakunan ruwa da shugabannin 'yan fito suke da babban aiki, domin maganarsu ta fi saurin shiga kunnen matuƙi.

Akan ji wasu suna cewa wanda kwanansa ya ƙare riga ba ta hana shi mutuwa. Gaskiya ne ajali ba ya jinkiri, amma malamai sun karantar da cewa tawakkali ba ya kore riƙo da sababi, shi ya sa aka umurci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah. Wasu kuma kunya ke hana su, kada a ce musu matsorata. Wannan ita ce kunyar marar kunya, wadda Hausawa suka ce asara ce.

6.0 Kammalawa

Riga da igiya ba su hana jirgin da aka cika maƙil nutsewa, saboda haka haƙƙin fasinja na farko shi ne ya ƙi shiga irinsa, ya jira sahu na gaba. Bayan wannan, ya nemi riga ya ɗaure ta, ya kuma dubi hannun matuƙi ya ga ko igiyar tana nan. Jirgi ba ya sallama idan zai kife, kuma ba a taɓa sa riga a tsakiyar ruwa cikin ruɗani da kururuwa ba. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Ga wanda ya tashi a jigawar Gumel, fid da kan yana farawa ne tun daga gaɓa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.