Hawa da Saukar Jini: Abin da Awo Ɗaya Ba Ya Nunawa

A ɗauki masu hawan jini biyu da ke zuwa asibiti a kai a kai. In aka haɗa awonsu na shekara aka raba, kowanne zai tashi da 140 a lambar sama. Na farko kullum nan yake kewayawa, yau 138, gobe 142. Na biyu kuwa wata rana 115, wata rana 165. A takarda kansu ɗaya, amma jijiyoyin na biyun sun fi shan wahala.

An daɗe ana ɗaukar irin wannan tsalle-tsalle a matsayin kuskuren awo. Sai a 2010 Farfesa Peter Rothwell na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa suka fitar da bincike a mujallar The Lancet, bayan sun bi bayanan dubban majinyata a Turai. Sun gano cewa waɗanda lambarsu ta sama ke yawan sauyawa tsakanin wannan ganin likita da wancan sun fi faɗawa haɗarin shanyewar ɓarin jiki, ko da matsakaicin awonsu bai ɗara na sauran ba.

Ba kowane motsin jini ne ciwo ba. A jikin mai lafiya yakan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari lokacin barci, ya tashi da asuba. Gudu, fushi, taba, kofi da goro duk suna ɗaga shi na ɗan lokaci, wani ma ganin farar rigar likita kaɗai ya ishe shi. Matsalar ita ce in motsin ya wuce kima. A Japan, binciken Kazuomi Kario na 2003 ya nuna cewa tsofaffin da jininsu ke zabura sosai da safe sun fi samun shanyewar jiki.

Asirin yana bangon jijiya. Babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya tana buɗewa da kowane bugu, ta koma a hankali, ta haka take rage ƙarfin jinin kafin ya isa ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda da ido. Tsufa, hawan jini, ciwon suga da shan taba suna sa bangon ya yi kauri ya sandare, kamar tiyon roba da aka bari a rana. Daga nan duk bugun da zuciya ta yi, kai tsaye yake sauka a kan waɗancan ƙananan jijiyoyi.

Akwai kuma wasu 'yan jijiyoyin saƙo a bangon jijiyar wuya da ta ƙirji, waɗanda ke jin miƙewar bangon su sanar da ƙwaƙwalwa ta daidaita jini nan take. In bangon ya ƙi miƙewa, saƙon sai ya raunana. Wannan na cikin dalilan da dattijo ke jin jiri in ya miƙe tsaye, an jima kuma awonsa ya haura. Tsallen ya ƙara raunata bangon, bangon ya ƙara tsallen, abu ya yi ta zagayawa.

Wasu dalilan suna hannun majinyaci. Babba shi ne shan magani yau a bari gobe, da cewa "ai na ji sauƙi". Sai magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, da minshari mai yanke numfashi, da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya.

Irin maganin ma yana da tasiri. A wani gwajin magunguna mai suna ASCOT, waɗanda aka ɗora kan amlodipine jininsu ya fi zama wuri guda fiye da masu shan atenolol. A 2019 kuma gwajin CREOLE, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka 6, ya nuna haɗin da ke ɗauke da amlodipine ya fi wanda babu shi saukar da jinin baƙaƙen fata. Sai dai sauya magani aikin likita ne, domin yanke atenolol farat ɗaya na iya tayar da zuciya.

Gane jini mai tsalle na buƙatar awo da yawa. Mutum ya zauna minti 5, ya jingina baya, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba surutu. Ya auna sau biyu da safe kafin shan magani, sau biyu da yamma, har kwana 7, yana rubutawa a littafi ya kai wa likita. A gida, matsakaicin da ya kai 135/85 ya hau. In kuwa baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe ko ƙirji ya ɗaure, a bar na'urar awon a nufi asibiti nan da nan.