Abincin Shanu na Rani: Tun da Kaka Ake Tanadinsa

Kowace shekara, daga watan Maris har zuwa faɗuwar damina, wanda duk ya shiga kasuwar shanu a Marwa ko Garwa zai tarar da abu guda: shanu sun rame, haƙarƙari a waje, tozo ya kwanta, masu su kuwa suna rabuwa da su da araha don ba su da abin da za su ba su. Mu Hausawan Kamaru ba mu ne masu manyan garkuna ba, amma abin ya shafe mu ƙwarai. A cikinmu akwai masu shanun huɗa, da masu turke sa ɗaya ko biyu a bayan gida, da dillalai, da mahauta, da fatake masu kai shanu Yawunde da Duwala. Abin da muke so mu jawo hankalin 'yan uwa a kai shi ne, yunwar da saniya ke sha da bazara, sakacin da aka yi da kaka ne ke jawo ta.

Bari mu fara da lissafi. Saniya mai nauyin kilo 250 tana cin kamar kilo 6 na busasshen abinci a rana. A yankin Marwa, daga Nuwamba zuwa ƙarshen Mayu ba ɗanyar ciyawa, wato wata 7, kwana 210 ke nan. Saniya ɗaya na bukatar kilo 1,260, shanun huɗa biyu kuwa sun haura tan 2 da rabi.

A da, daji ne ke ɗauke yawancin wannan nauyi, amma yanzu ya ƙuntata. Gonakin auduga da na masara sun ci makiyaya da dama, masakwa kuma, wadda Fulani ke kira muskuwari, ta mamaye filayen laka da shanu ke kiwo a da. Fadamar kogin Logon, wadda ake kira yayre, inda makiyaya ke kai shanu cin rani, ta ragu bayan gina madatsar ruwa ta Maga a 1979, sai a 1994 aka sake buɗe wa wani sashenta ruwa. A tudun Adamawa kuwa, haki nan da ake kira Bokasa, wanda shanu ba sa ci, ya shaƙe wurare masu yawa. Abin da ya rage kuma, gobarar daji takan lashe shi cikin yini ɗaya.

Ko ciyawar da ta tsira daga wuta ba ta da wani kirki. Ɗanyar ciyawa tana ɗauke da furotin, wato sinadarin gina jiki, mai yawa. In ta bushe a tsaye, yakan faɗi ƙasa da kashi 4 cikin 100, alhali tumbin saniya na bukatar kamar kashi 7 kafin ya narka abinci sosai. Shi ya sa za ka ga saniya ta wuni tana ci, ciki ya cika, amma kullum sai ƙara ramewa take yi.

Maganin wannan shi ne ingirici. A yanki gamba ko kyasuwa lokacin da suka fara fid da kai, tun suna kore: ƙarshen Satumba a Arewa Mai Nisa, ko wajen Nuwamba a Ngaundere inda ruwa ke daɗewa. A sa lauje bayan raɓa ta ɗauke, a baza kwana 2 ko 3 ana juyawa, sa'an nan a ɗaure dami dami a ɗora kan rumfa, nesa da gara da danshin ƙasa, a rufe sama da zana. Ingirici mai kyau kore-kore yake, yana ƙanshi. Wanda ya yi fari fat, rana ta riga ta cinye amfaninsa.

Haka nan harawar wake da ta gyaɗa, wadda furotin ɗinta ya haura kashi 10. Ƙarfinta a ganye yake, saboda haka kada a bar ta a gona har ganyen ya kakkaɓe. A kwashe da sassafe tun tana da laushi, kuma in an ɗora ta kan soro ko bishiya a rufe ta. Wanda ba shi da gona ya saya tun a Nuwamba, domin kuɗin dami yakan ninka kafin Afrilu.

Karan dawa da bambaron shinkafa ma ana iya gyara su da takin yuriya. A narka kilo 4 na yuriya cikin lita 100 na ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na sassaren kara, a tattake cikin rami, a rufe da leda yadda iska ba za ta shiga ba, har mako 3. In an buɗe, a bar abin da za a bayar ya sha iska tukuna. Amma a kiyaye: yuriya zalla ko ruwanta guba ne ga dabba, kuma ba a ba ƙananan maruƙa, ko doki, ko jaki wannan abinci.

Akwai kuma turto, wato ƙuli-ƙulin angurya da kamfanin Sodecoton ke fitarwa a masana'antunsa na mai a Garwa da Marwa. Kilo 1 zuwa 2 a rana, tare da dusa da ɗan gishiri ko kanwa, yana sa sa ya ci kara da marmari. Kada mu manta da gawo, wanda ke fid da ganye da 'ya'ya a tsakiyar rani. A riƙa sassabe rassansa kaɗan kaɗan, kada a yi masa kwal-kwabo. Masu fili a Adamawa suna iya shuka ciyawar Brachiaria da Stylosanthes, waɗanda aka daɗe ana gwadawa a tashar bincike ta Wakwa kusa da Ngaundere.

Bayan tarawa, sai dabarar rabawa. A fara da kara da karmami tun shanu na da sauran ƙiba, a ɓoye harawa da turto sai Maris, a fifita shanun huɗa da masu ciki da masu shayarwa. San da ya shiga Yuni a rame ba ya jan garma, mai shi kuwa sai ya makara da shuka, asarar ta koma kan rumbun gidansa.

Saura abin da mutum ɗaya ba ya iyawa. Ya kamata masu unguwanni da sarakunan pawa su zauna da ardo-ardo da manoma tun kafin girbi, a share hanyar tare wuta kewaye da makiyaya, a bar burtali a buɗe, a kuma shirya ranar da za a saki shanu cikin gonaki su ci kara su bar taki. Mai zurfin ido da wuri yake fara kuka. Kafin Satumba ta kama, kowa ya ƙirga shanunsa, ya yi lissafin nan, ya wasa laujensa.