Yadda Sankarar Bakin Mahaifa Ke Ratsa Jiki

Sankarar bakin mahaifa, wadda ta kama mata kimanin 12,000 a Najeriya a shekarar 2020 ta kuma kashe kusan 8,000, tana samo asali ne daga ƙwayar cutar HPV da ake ɗauka ta hanyar saduwa, kuma nau'o'inta biyu, na 16 da na 18, su ke haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari na cutar. Garkuwar jikin yawancin mata takan kawar da ƙwayar, amma idan ta zauna daram sai ta riƙa fitar da sinadarai biyu, E6 da E7, waɗanda ke daƙile p53 da Rb, wato masu gadin da ke hana ƙwayar halitta rarrabuwa barkatai, su kuma hallaka wadda ta lalace.

Gurɓatattun ƙwayoyin halittar sukan daɗe a saman fatar bakin mahaifa, bisa wani siririn tantani da ya raba su da naman ciki, har shekara 15 zuwa 20, ko 5 zuwa 10 ga mai raunin garkuwa kamar mai ɗauke da HIV. Muddin ba su keta tantanin ba, ma'aikaciyar jinya na iya gano su ta shafa ruwan khal, wanda ke mayar da wurin fari, a ƙone su cikin mintuna, abin da bai fi ƙarfin asibitin gari irin Illela ta jihar Sakkwato ba idan akwai kayan aiki.

Da zarar sun fitar da sinadaran da ke narkar da tantanin, sai su kutsa cikin nama, su jawo sababbin jijiyoyin jini masu rauni, waɗanda fashewarsu ke kawo zubar jini bayan saduwa ko bayan ɗaukewar al'ada, alamar da sau da yawa ake ɗauka rikicewar haila ce ko istihala. Daga nan ƙarin sankarar yakan bazu zuwa farji da gefen ƙugu, ya matse bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda har ƙodar ta gaza, ko ya huda mafitsara ya haifar da yoyon fitsari. Wasu ƙwayoyin kan bi magudanan kaluluwa zuwa ƙugu da bayan ciki, wasu kuma jini ya kai su huhu da hanta da ƙashi.

A wannan matakin tiyata kaɗai ba ta wadatarwa, sai gashi da na'ura haɗe da magungunan sankara, wanda ga matan Illela yake nufin tafiya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da zaman makonni a Sakkwato. Rigakafin HPV na 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, da Najeriya ta ƙaddamar a Oktoban 2023, ya iso jihar Sakkwato a zagaye na biyu cikin Mayun 2024, sai dai ba ya warkar da wadda ta riga ta kamu, don haka iyayensu mata gwaji suke buƙata.