Shamuwa da Ungulu a Fadamar Arewa

Masu kallon tsuntsaye da ke zuwa Nijar galibi gandun dajin W suke nufa, wanda aka kafa a 1954, inda aka ƙidaya tsuntsaye sama da iri 350. Amma mutumin Kiéché ba sai ya yi wannan doguwar tafiya ba. Garinsa na cikin Dallol Mawri, tsohon kwarin da ya ratsa ƙasar Dogondutsi da Tibiri ya gangara Gaya. A 2004 aka sanya yankin kudancin kwarin cikin jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa.

Babbar baƙuwar fadamar ita ce shamuwa. Tana cin rani a gabashi da kudancin Afirka, ta ƙetaro dubban kilomitoci ta sauka nan gab da faɗuwar damina. Ganinta ke sa manomi ya fiddo iri ya gyara kalme. Dube ta da kyau in ta sauka: baya baƙi mai sheƙi, ciki fari fat, fuska shuɗiya da ɗan ja kusa da ido. Ba ta gudun mutane. A tsakiyar gari take tara ƙirare ta yi sheƙa bisa tsamiya ko kuka, yara kuma sun san ba a jifarta. Wannan hani yana da tushe, domin fara da tsutsa ne cimarta, wato ƙwarin da ke cinye hatsi tun yana ƙarami. Lissafin zuwanta da tafiyarta da tsofaffi ke riƙe da shi a ka ilimi ne na gaske, abin takaicin kawai ba a rubuce yake ba.

Labarin ungulu ya fi ɗaci. Masanin Faransa Jean-Marc Thiollay ya ƙirga tsuntsaye a hanyoyin Nijar, Mali da Burkina Faso daga 1969 zuwa 1973, ya sake bin sawunsa a 2003 da 2004, ya tarar manyan ungulaye sun ragu da kashi 98 cikin 100 a wajen gandun daji. Guba da farautarsu don magani na cikin dalilai. Ko ungulun mahauta da aka raina, tun 2015 tana cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa.

Malaman makarantun wannan yanki na Arewa, ku ba ɗalibai littafi guda, su riƙa rubuta ranar saukar shamuwa kowace shekara, da yawan sheƙunanta, da ungulayen da suka rage a mahautar garinsu.